Ƙwayoyin ƙasa da halayen shuka: matsalar suna a Hausa

1. Gabatarwa

Kalmar «microbe», wadda likitan Faransa Sédillot ya ƙirƙiro a 1878, an saba fassara ta da «ƙwayar cuta». A asibiti fassarar ta dace. A gona kuwa tana ɓatar da manomi, domin akasarin waɗannan halittu ba su sa cuta, wasunsu ma su ke ciyar da shuka. Za mu duba aikinsu kafin mu ba da shawarar suna.

2. Aikinsu a saiwa

In aka tumɓuke wake ko gujiya, za a ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsu. Cikinsu bakteri ke zaune, suna janyo azot daga iska suna maida shi abincin shuka, kamar yadda Hellriegel da Wilfarth suka nuna a 1886. Shi ya sa hatsi ke kyau a gonar da aka yi wake bara.

Iri na biyu dangin funfuna ne. Zarensu na shiga saiwa, yana kawo mata fosfor da ruwa daga inda ba ta kaiwa, ita kuma tana biyansa da sukari. Frank ya raɗa wa wannan zama suna «mycorhize» a 1885, daga kalmomin Girkanci biyu: funfuna da saiwa.

3. Misalin wiwi

Wiwi, da doka ta hana nomansa a Nijar, ya sha bincike a ƙasashen waje. Wani bincike na 2014 a Amurka ya nuna cewa yanayin ƙasar gona ne ke fara tantance ƙwayoyin da ke kewaye da saiwa, sa'an nan irin shukar ya zaɓi waɗanda za su shiga cikinta. Gado ne ke yanke ko THC ko CBD zai rinjaya. Ƙwayoyin kuwa na iya taɓa girman shukar da yawan sinadarin. Ke nan iri ɗaya a gona biyu ba lalle ya fito da hali ɗaya ba.

4. Shawara

Muna ganin a bar «ƙwayar cuta» ga mai sa cuta kaɗai. «Ƙwayar halitta» ba ta raba gardama, tunda da ita ake fassara «cellule». Don haka muka zaɓi «ƙwayoyin ƙasa» ga na gona. Malamin gona da ya ce wa manomi ya shafa wa irinsa «ƙwayar cuta» kada ya yi mamaki in an ƙi. Saura a gwada sabon sunan a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, a ji ko baki zai karɓe shi.