Kauci da Sauran Masu Hawa Bishiya

Ba duk tsiron da ya hau bishiya ne ke cutar da ita ba. A kurmin bakin rafukan Adamawa, wajen Ngaundere, akwai masu zama a reshe kawai, ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye ne abincinsu.

Kauci, wanda ake gani kan kaɗanya da ɗorawa a karkarar Garwa, shi ne mugu. Tsuntsaye ke manna irinsa mai danƙo a reshe, sai ya kafa saiwa cikin itacen yana zuƙe ruwa. Wurin ya kumbura, reshen ya bushe, 'ya'ya su ragu. Masu magani na sonsa, manomi kuwa sai ya sare reshen ƙasa da kumburin.

Ceɗiya ma takan tsiro kan wata bishiya, saiwoyinta su sauko su shaƙe ta.