Zomo Da Manoman Ostiraliya Da Ingila: Wane Harsashi Ne Abin Dogara?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma duk maharbin da ya taɓa kwana a dawa ya dawo da rataya wayam ya san gaskiyar wannan magana. To amma jama'a masu karatu, akwai ƙasashen da zomo ya tashi daga naman miya ya zama annoba, har harbinsa ya koma aikin dole ga manomi. A wannan mako za mu leƙa Ostiraliya da Ingila, mu ga irin bindiga da harsashin da suke dogara da su, da haɗarin da ke cikin harsashin da ya ƙi tashi.

Tun da farko ya kamata mu bambance. Zomon dawa da muka sani a nan ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake laɓewa. Nasu kuwa zomon Turai ne, mai haƙa ramuka masu ƙofofi da yawa, ya zauna cikinsu jama'a guda, ga shi da saurin haihuwa.

A shekarar 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 da aka kawo masa daga Ingila a gonarsa ta Barwon Park a yankin Biktoriya, don kawai ya sami abin farauta. Kafin shekara hamsin su cika, jikokinsu sun mamaye yawancin ƙasar, suna cinye ciyawar tumaki da ƙananan itatuwa, suna barin ƙasa tsirara ga zaizaya. Tsakanin 1901 da 1907 hukumar Yammacin Ostiraliya ta kafa shingayen waya masu tsawon sama da kilomita 3,200, amma zomo ya riga ya tsallake. A 1950 aka saki cutar mikzomatosis, wadda aka ƙiyasta ta rage su daga kimanin miliyan 600 zuwa miliyan 100. Cutar ta isa Ingila a 1953, a 1954 kuma aka yi doka wadda ta ɗora wa mai gona alhakin rage zomayen da ke cikin filinsa. Daga baya zomaye suka fara jure wa cutar, manomi ya koma ga rushe ramuka, da shinge, da bindiga.

Lambobi uku da aka fi sani

Lambar da ake kiran bindiga da ita tana nuna faɗin bakinta ne a ma'aunin inci. Wadda ta fi kowace daɗewa a wannan aiki ita ce .22 LR, wadda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da ita a 1887. Faɗin kan harsashinta wajen milimita 5.6 ne, nauyinsa kuwa kimanin giram 2.6 na dalma. Ga araha, ga rashin naushi a kafaɗa. Akwai irin da gudunsa bai kai na sauti ba, watau yana tafiyar kimanin mita 320 a daƙiƙa, shi ya sa ba shi da kaifin ƙara, sauran zomaye ba su watsewa nan da nan. Maharban Ingila sukan haɗa shi da abin rage ƙara.

Sai dai kuma yana da nasa aibi. Idan aka saita bindigar a mita 50, kafin harsashin ya kai mita 100 ya riga ya sauka ƙasa da kusan taki guda. Wurin da ake so a sami zomo, watau kai, bai fi girman lemun tsami ba. Saboda haka gwanaye ba su cika wuce mita 60 ko 70 da shi ba. Bugu da ƙari, idan ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa ko ruwa, yakan yi tsalle ya nufi inda ba a aike shi ba, kuma yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi.

A 1959 kamfanin Winchester ya fito da .22 WMR mai dogon kwanso da ƙarin albarushi. Daga kwanson nan ne kamfanin Hornady ya matse wuya ya fito da .17 HMR a 2002. Kan harsashinsa ɗan ƙarami ne, giram 1.1 kacal, amma yana gudun kimanin mita 775 a daƙiƙa. Wannan gudu ya sa yake tafiya a miƙe, har ana iya samun zomo da shi a mita 120 ko fiye, kuma yawanci yakan farfashe idan ya daki abu mai tauri, ko da yake ba kullum ba. To amma yana da ƙara ko da an sa masa abin rage ta, kuɗinsa ya ninka na .22 LR, sa'an nan idan ya sami zomo a jiki yakan lalata naman ya bar ɓurɓushin dalma a ciki. Wanda ke harbi kusa da gidaje, ko mai son nama mai tsabta, yakan zaɓi .22 LR. Mai buɗaɗɗen fili inda zomaye suka yi wayo yakan ɗauki .17 HMR.

Me ke sa harsashi ya ƙi tashi?

Dukan ukun nan iri ɗaya ne wajen kamawa. Maganin da ke kunna albarushi yana cikin leɓen gindin kwanso ne, an zuba shi da danshi an juya shi ya zagaye leɓen. Idan aka ja kunama, wata 'yar ƙusa ce ke dukan leɓen. In aka yi rashin sa'a maganin bai kai daidai wurin da ƙusar ta daka ba, sai a ji ƙyas, shiru. Danshi, da man da ya ratsa cikin kwanso, da zafin mota, da datti a mazaunin harsashi, duk suna ƙara wannan matsala.

Akwai haɗari iri biyu da suka fi wannan muni. Na farko, harsashi ya yi jinkiri sa'an nan ya tashi. Don haka ƙa'idar ita ce, in ya ƙi tashi, a bar bakin bindiga yana duban inda babu kowa, a jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe ta. Na biyu, ya tashi da rauni, kansa ya maƙale a cikin bututun bindiga. Wanda bai lura ba ya sake harbawa, bututun na iya kumbura ko ya fashe kusa da fuskarsa. Duk lokacin da ƙarar ta fita dabam, sai a cire harsasai a leƙa bututun tukuna.

Masu amfani da .17 HMR sun sha kokawa da tsagewar wuyan kwanso, abin da ke ba danshi hanyar shiga albarushi. Har ila yau a 2009 kamfanin Remington ya janye bindigarsa samfurin 597 mai wannan lamba daga kasuwa, ya kuma gargaɗi jama'a kada su sa wannan harsashi a bindiga mai ɗura kanta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa maharba da yawa suka fi amincewa da wadda ake ɗura ta da hannu bayan kowane harbi.

Daɗin daɗawa, kowace bindiga da irin harsashin da ta fi shiri da shi. Gogaggen maharbi yakan sayi ƙananan kwalaye na kamfanoni uku ko huɗu, ya gwada su a jikin takarda a mita 50, ya ga wanda ramukansa suka fi haɗuwa wuri ɗaya, sa'an nan ya sayi mai yawa daga wannan rukuni, ya adana a busasshen wuri ƙarƙashin makulli. Araha dai ba ta ado.

Abin da muka ɗauka a nan

A ganinmu zancen bai tsaya ga lambar bindiga ba. Harbin da bai yi daidai ba yakan bar dabba da rauni ta shige rami ta mutu cikin wahala, wanda kuwa ya kauce yana iya samun makiyayi ko yaro a bayan shinge. Shi ya sa dokar farko a wurinsu ita ce kada ka ja kunama sai ka san abin da zai tare harsashin a bayan zomon. A Ingila da Ostiraliya babu mai riƙe irin wannan bindiga sai da lasin, haka ma dokar Nijeriya ta 1959 ta tanada. Su kansu masana aikin gona na Ostiraliya sun yarda cewa harbi shi kaɗai ba ya gama da zomo, sai an haɗa da rushe ramukansa. Zomaye 24 na Thomas Austin sun isa su tuna mana cewa abin da aka saki cikin wasa, jikoki ne kan biya kuɗinsa.