Takardar Rakiyar Kaya da Kwamfuta a Duniyar Ƙananan Jiragen Ƙasa

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka, Ingila, Jamus da Japan akwai mutane da dama, yawancinsu magidanta, waɗanda ke kashe lokacin hutunsu wajen shimfiɗa ƙananan layukan dogo a cikin gidajensu. Ma'aunin da ya fi karɓuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage girman kowane abu sau 87. Da haka tarago mai tsawon ƙafa 50 yakan dawo kimanin santimita 17 da rabi, tazarar da ke tsakanin ƙarafan digar kuwa milimita 16.5 ce. Tun a 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta NMRA domin daidaita ma'aunai. Sai dai kallon jirgi yana zagaye ɗaki ba ya daɗewa yake gundurar mutum. Don haka da yawansu suka koma kwaikwayon aikin dako na gaskiya, watau kowane tarago ya kasance da inda ya fito, da abin da ya ɗauko, da inda za shi.

Mece ce takardar rakiya?

A kamfanin jirgin ƙasa na gaske, kowane kaya yana da takardar da ke bayyana mai aikowa, mai karɓa, irin kayan, hanyar da za a bi da kuma lambar taragon. Da ita ma'aikata ke sanin taragon da za su cire a wace tasha. Masu ƙananan jirage sun ari wannan dabara. Kowane tarago suna yi masa kati mai aljihu, wanda ke ɗauke da lambarsa da nau'insa, sa'an nan a zura 'yar takardar rakiya a cikin aljihun. Irin wadda ta fi yaɗuwa tana da zango huɗu, biyu a kowace fuska.

Ga misali. A zango na farko tarago ba kaya yakan je masana'antar takarda. A na biyu ya kai takardar zuwa maɗaba'a. A na uku ya wuce babu kaya zuwa kamfanin gwangwani, a na huɗu kuma ya ɗauki kayan zuwa wani birni mai nisa, wanda a zahiri layi ne kawai da aka ɓoye a bayan bango. Duk lokacin da taragon ya isa, sai a juya takardar, sabon zango ya bayyana.

Ɗaliban kimiyyar halittu sun san makamancin wannan. Da yawa daga cikin furotin da ƙwayar halitta ke haɗawa suna ɗauke da wata alama a jikinsu mai nuna sashen da za a kai su, kuma gano haka ne ya sa aka ba Günter Blobel lambar yabo ta Nobel a 1999.

Inda lissafi ke shigowa

Mai karatu zai iya zaton jera taragu abu ne mai sauƙi. Wani ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da wani wasa mai suna Inglenook, wanda ya ƙunshi gajerun layuka uku da taragu 8. Ana zaɓen 5 daga cikinsu, a buƙaci mai wasa ya jera su bisa wani tsari ta hanyar shantin, watau tura taragu daga wannan layi zuwa wancan. Taragon farko yana da zaɓi 8, na biyu 7, na uku 6, na huɗu 5, na biyar 4. In aka ninka su, za a sami jeri 6,720 mabambanta. To, ina ga kulob mai ɗaruruwan taragu da masana'antu masu yawa, inda kowane layi ke da iyakar taragun da zai iya ɗauka? A nan ne hannu da katuttuka ke fara gazawa: wata masana'anta ta cika maƙil, wata kuma ta yi makonni ba ta ga tarago ba.

Aikin kwamfuta

Dangantakar wannan sha'awa da kwamfuta tsohuwa ce. Kulob ɗin ƙananan jirage na ɗaliban jami'ar MIT, wanda aka kafa a 1946, ya sarrafa layukansa da kayan musayar tarho, kuma daga cikin 'yan kulob ɗin aka sami wasu ƙwararrun masu rubuta manhaja na farko-farko.

Manhajar dako tana aiki ne da rumbun bayanai mai sassa uku: jerin taragu da tsawon kowanne, jerin wurare da abin da kowanne ke aikawa ko karɓa, da jerin jirage tare da hanyoyinsu. Idan aka ce mata ta haɗa jirgi, sai ta duba taragun da ke kan hanyarsa, ta nemo wa kowanne wurin da ke buƙatarsa kuma yake da sarari, ta tabbatar jirgin bai wuce tsawon da aka yarje masa ba, sa'an nan ta fitar da takardun rakiya ko jerin aikin da direba zai bi. Manhajar JMRI, wadda wani malamin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Bob Jacobsen, ya assasa, tana da sashe na wannan aiki, kuma kyauta ake samunta. Tana iya aika jerin aikin zuwa wayar hannun kowane direba. Manhajojin da ke zaune a intanet kuwa suna ba 'yan kulob damar shigar da bayanai daga gidajensu, kowa yana duba rumbu guda, ta yadda in an haɗu sai aiki kawai.

Raunin tsarin

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. In direba ya ajiye tarago a layin da ba nasa ba, ko wani ya ɗauke shi da hannu don gyara bai rubuta ba, manhajar za ta ci gaba da ba da umarni a kan taragon da ba ya wurin, kuma kuskure ɗaya yakan haifi wasu. Tsohon kati ya fi ta a nan, domin yana tafiya tare da taragonsa, duk wanda ya tsince shi zai karanta ya mayar da shi hanya. Kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka ta Arewa sun tunkari wannan matsala tun shekarun 1990, inda suka liƙa wa taragunsu alamun da na'ura ke karantawa ta igiyar rediyo yayin da jirgi ke wucewa. Wasu masu ƙananan jirage ma suna liƙa irinsu a ƙarƙashin nasu taragun. Wasu kuwa suna haɗa hanyoyin biyu, kwamfuta ta tsara takardun, a buga su, a zura a aljihun kati.

Kammalawa

Malami ba ya buƙatar layin dogo kafin ya kawo wannan darasi aji. Kwalayen ashana 8 masu lamba, layuka uku da aka zana da alli a kan tebur, da katuttukan da ɗalibai suka rubuta da kansu sun isa a gwada lissafin jerawa da tsarin rumbun bayanai. In aka sa ɗalibi guda ya sauya wa kwali ɗaya wuri a ɓoye, sauran za su ga da idonsu yadda rubutaccen bayani ke rabuwa da abin da ke ƙasa, da kuma irin wahalar da ake sha kafin a gano inda kuskuren ya faro.