Gadar Keke a Kan Rufin Makaranta: Yadda Utrecht Ta Haɗa Sabuwar Unguwa da Tsohon Gari

A birnin Utrecht na ƙasar Holan akwai wata makarantar firamare da dubban masu keke suke bi ta kan rufinta kowace rana, yara kuwa suna ƙasa suna karatunsu. Rufin nan shi ne hawan gadar Dafne Schippers, wadda aka buɗe a 2017 domin masu keke da masu tafiya a ƙasa kaɗai. An raɗa mata sunan 'yar tseren nan haifaffiyar birnin, wadda ta lashe gasar duniya ta gudun mita 200 a 2015 da kuma 2017. Baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoton gadar don ƙayatarwarta, amma dalilin gina ta ya fi siffarta ban sha'awa.

A farkon shekarun 1990 gwamnatin Holan ta fito da wani shiri mai suna Vinex, na gina dubun dubatar gidaje a gefen manyan birane. Mafi girman waɗannan sababbin unguwanni ita ce Leidsche Rijn, a yammacin Utrecht, inda aka fara aiki a 1997 da nufin tsayar da gidaje kusan 30,000. A cikin unguwar an shimfiɗa hanyoyin keke masu kyau, jajaye, masu faɗi, a ware daga titin mota. Matsalar tana bakin unguwar. Tsakaninta da tsohon gari akwai babbar hanyar mota ta A2, sannan ga hanyar ruwa da aka haƙa tsakanin Amsterdam da kogin Rhine, wadda manyan jiragen dakon kaya suke bi dare da rana. An magance hanyar motar ta hanyar rufe ta a cikin rami mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, aka yi gine-gine a kai. Ruwan kuwa sai da gada, kuma gadojin da ake da su suna arewa da kudu, nesa da inda mutane da yawa suke son tsallakawa. Mai keken da yake hango tsohon gari daga ƙofar gidansa sai ya yi dogon zagaye kafin ya isa.

Wannan shi ne giɓin da masu tsara birane suke magana a kai. Hanyar keke kamar igiyar guga take: ko kamu ashirin ce, idan ta gaza kamu ɗaya ba za ta taɓo ruwa ba. Uwa ba za ta saki ɗanta ya hau keke zuwa makaranta don kilomita uku na hanyar suna da aminci ba, muddin akwai mita ɗari biyu da zai cakuɗa da manyan motoci. Wurin da ya fi haɗari shi take dubawa ta yanke hukunci. Shi ya sa littafin ƙa'idojin gina hanyar keke na cibiyar CROW, wanda injiniyoyin Holan suke aiki da shi, ya sa haɗuwar hanyoyi da juna da miƙewarsu cikin manyan sharuɗɗa biyar, tare da aminci, da sauƙin tafiya, da kyawun muhalli.

Cike giɓin Utrecht bai zo da sauƙi ba, domin an makara. Dole gadar ta ɗaga kusan mita 9 daga ruwa don jirage su wuce, kuma mai keke, musamman tsoho ko wadda ta ɗauko yara biyu, ba zai iya hawan tudu mai tsini ba. Gada mai tsayi tana bukatar hawa mai tsawo, hawa mai tsawo kuma yana bukatar fili. A gefen gabas, unguwar Oog in Al ta riga ta cika da gidaje, wurin da ya dace kuwa akwai makaranta da ɗan lambun shaƙatawa. Sai masu zanen gadar suka haɗa komai wuri guda: aka rushe tsohon ginin makarantar, aka gina sabo, hanyar keken ta taso daga lambun tana lanƙwasa a hankali, ta hau rufin, ta miƙe bisa ruwa tsawon mita 110. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Sai dai shekara 20 ke nan tsakanin fara gina unguwar da buɗe gadar, kuma a cikin shekarun nan iyalai da dama sun riga sun tsara rayuwarsu a kan mota. Wanda ya tare a sabon gida yana zaɓar yadda zai riƙa zuwa aiki a makonnin farko, idan ya saba kuwa da wuya ya sauya.

Ba Utrecht kaɗai ba ce. A Amsterdam an gina gadar Nescio a 2006 don haɗa sabuwar unguwar IJburg da sauran gari. A Eindhoven, gidajen Meerhoven sun ƙara cunkoso a wata mahaɗa har aka ɗaga masu keke sama gaba ɗaya a 2012, a kan wani shataletale mai faɗin mita 72 da ke rataye da igiyoyin ƙarfe a jikin ginshiƙi guda, wato Hovenring.

Garin Houten, kudu maso gabashin Utrecht, shi ne ya bi ta ɗaya hanyar. Ƙaramin ƙauye ne lokacin da aka zaɓe shi a 1966 don ya ɗauki ƙarin jama'a. Mai tsara garin, Rob Derks, ya fara zana hanyoyin keke da na ƙafa, daga baya ya sama wa mota wuri. Titin mota ya kewaye garin ta waje kamar zobe. Mai mota da yake son zuwa unguwar maƙwabta sai ya fita zuwa titin zoben ya sake shigowa, mai keke kuwa ya ratsa tsakiya kai tsaye zuwa tashar jirgin ƙasa, kasuwa ko makaranta. Da aka faɗaɗa garin zuwa kudu a ƙarƙashin shirin Vinex, tsarin nan aka maimaita. Yau mazaunan sun kai kusan 50,000, kuma sau biyu, a 2008 da 2018, aka zaɓi Houten a matsayin garin keke na ƙasar.

Akwai gargaɗi daga Ingila. Garin Stevenage, wanda aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami hanyoyin keke haɗaɗɗu da injiniya Eric Claxton ya tsara, amma kaɗan ne daga mazaunan suke amfani da su, domin an sauƙaƙa wa mota tafiya fiye da kima. Haɗa hanya wajibi ne, amma sai ta kasance ita ce mafi kusa.

Batun ya shafi garuruwanmu, inda ake yanka filaye ana gina rukunin gidaje a bayan gari, ɗalibai da leburori kuma suna taka keke a gefen kwalta tsakanin tireloli. Hukumomin tsara birane a Kano, Kaduna ko Maraɗi su ware hanyar keke da ta ƙafa tun a kan taswira, har zuwa inda za ta haɗu da tsohon gari, kafin a sa tubalin farko.