Baka da kibiya a tsakar gida

Da zarar kaka ta yi, an kwashe dawa, kara ya cika ko'ina, to a ƙauyukanmu na Rimin Gado lokacin 'yan baka ya zo. Wataƙila ma yanzu haka ɗanki yana bayan ɗaki yana fere sanda da wuƙar girkinki.

Kada ki raina abin da yake kwaikwayo. A yaƙin Tabkin Kwatto, a 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki da yawa, 'yan baka ne suka tare mahayan Gobir. Har gobe kuma maharbanmu suna rataya kwari.

Maharbi ba ya sare ice yau ya ɗaura tsirkiya gobe. Yakan nemi reshe miƙaƙƙe mai lanƙwasa ba tare da ya karye ba, kamar dargaza ko gora, ya jingine shi a inuwa ya bushe sannu a hankali, don rana tsaga shi take yi. Sannan a shiga fira: tsakiya da kauri, bakin nan biyu su sirance daidai wa daida. Nan fa gwanin yake, domin in ɗaya gefen ya fi ɗaya ƙarfi, kibiya kaucewa za ta yi. Inda ya karkace sai a kanga shi a garwashi a miƙar, a shafe da mai. Tsirkiya kuwa fata ce ake murɗewa. Jikin kibiya kyauro ne, maƙeri ya ƙera mata baki mai kunnuwa, don in ta shiga kada ta fita. Wasu har dafin kwankwani suke shafa mata, mai tsayar da zuciya.

To, ga inda maganar ta shafe ki. Ni ban ce ki karya wa yaro bakansa ba, yaron da ya iya fere ice ai ya fara koyon sana'a. Amma ki karɓi kibiyar ki duba bakinta. Yaran yanzu ƙusa suke ɗaurawa, ko wayar keke da suka wasa a dutse, wai za su harbi ƙadangare, alhali ƙannensu na rarrafe a wurin. Ki cire, ki sa ya dasashe bakin karan, harbi kuma sai a bayan gari, ba a tsakar gida ba. Kwarin maigida, in maharbi ne, a rataye shi can sama.

In kuwa tsautsayi ya gifta kibiya ta sami ido, Allah ya kiyaye, don Allah 'yar uwa kada ki zare ta. Kada a ɗiga nono, kada a sa kwalli, kada a murza. Ki kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai danne shi ba, ki ɗaure. Ki aika a kira maigida ko wani babba a ranar, ba sai gobe ba, a kai yaron asibitin ido a Kano, kamar na ECWA da ke Sabon Gari.