Guzurin Abdulkarim Bajamushe

A watan Maris na 1850 wani ayari ya tashi daga Tarabulus ya nufi kudu, cikinsa da Turawa uku waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko. Shugabansu James Richardson ne, sai Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth. Cikin kayansu har da jirgin ruwa da aka raba gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, don a je a harhaɗa shi a Tafkin Chadi. Bayan shekara biyar da rabi, mutum ɗaya ne ya koma gida da rai, wato Barth.

An haifi Barth a Hamburg a 1821, ya yi karatu a jami'ar Berlin. Tun kafin a yi zancen wannan tafiya ya fara shiri. Ya zauna a Landan ya koyi Larabci, sannan daga 1845 zuwa 1847 ya bi gaɓar Arewacin Afirka har Masar da Sham. A kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe kayansa, amma bai fasa ba. Da ya iso Tarabulus don wannan tafiya ta kudu, kafin ayari ya kintsa, shi da Overweg suka yi ta zagaya duwatsun da ke kudu da garin, jiki ya fara sabawa da rana da doguwar hanya. Ya kuma raɗa wa kansa suna Abdulkarim, wanda bakin mutanen ƙasar zai iya kamawa.

Duk da wannan shiri, sau ɗaya ya yi gaban kansa, saura ƙiris ya halaka. A kusa da Gat ya ce sai ya hau dutsen Idinen, wanda Buzaye suka gargaɗe shi a kai, suka kuma ƙi raka shi. Ya tafi shi kaɗai da ɗan ruwa kaɗan. Ruwan ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishirwa ta kai shi ga yanka jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa. Yana kwance rai a hannun Allah wani Buzu ya bi sawunsa a kan raƙumi ya tsince shi. Gargaɗin ɗan gari ya fi ƙarfin takardar jami'a.

Tun a cikin Sahara ya duƙufa koyon Hausa a bakin abokan tafiya, yana tambaya yana rubutawa. Ko da ya shiga Agadas a ƙarshen 1850, da Kano a watan Fabrairu na 1851, yana iya gaisawa da ciniki da kansa. Ya iso Kano ne da zazzaɓi, ga bashi, ga ƙarancin abin hannu, amma harshe ya buɗe masa ƙofofin da kuɗi ba za su buɗe ba. Daga baya ya ƙara da Barbarci da Fillanci.

Richardson ya rasu a 1851 kafin ya kai Kukawa, ciwo ya ɗauke Overweg a 1852 a bakin Tafkin Chadi. Barth ya ci gaba. A Wurno ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, a Gwandu aka ba shi aron littafin tarihin Songhai ya kwafi abin da ya iya. A Tumbutu, inda ake neman ransa, Shehu Ahmad al-Bakkay ya tsaya masa wata da watanni, suna zaman muhawara da Larabci a kan addini. Da a ce ta bakin tafinta suke magana, da wuya wannan aminci ya ƙullu.

Ya isa Landan a watan Satumba na 1855 tare da yara biyu, Dorugu da Abbega, ya rubuta labarin tafiyarsa cikin mujalladi 5. Rai da ajali na Allah ne, shiri ba ya hana mutuwa. Amma duk mai niyyar zuwa ƙasar da bai sani ba, kafin ya ɗaure kaya, ya koyi gaisuwar mutanenta da abin da suke ganin girmansa, in sun ce masa kada ya bi wata hanya kuma ya ji.