Ɗan Ƙasa Ko Baƙo: Abin Da Tsarin Mulki Ya Tanada Wa 'Yan Kasuwar Shasha

Tun a shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, amma duk da haka, lokacin da rikici ya ɓarke a Kasuwar Shasha da ke ƙaramar hukumar Akinyele a watan Fabrairun 2021, tsohuwar muhawara ce ta dawo: shin ɗan kasuwar da aka haifa a birnin ɗan gida ne ko baƙo? An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, sannan gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka kai ziyarar jaje.

Masu kare 'yan kasuwar sun kafa hujja da Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 41 ya bai wa kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya ga dama, na 42 ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Ta wannan fuska, mai sayar da tumatir a Shasha ba alfarma ake yi masa ba.

Sai dai kundin yana da wani harshen. Sashe na 147 ya wajabta naɗa minista daga 'yan asalin kowace jiha, yayin da na 318 ya danganta zama ɗan jiha da al'ummar da iyaye ko kakannin mutum suka fito, ba inda aka haife shi ko yake biyan haraji ba. Shi ya sa jikan wanda ya sauka a Sabo shekaru ɗari da suka wuce yana iya kaɗa ƙuri'a a Oyo, amma sau da yawa sai ya nufi garin kakanninsa, wanda wataƙila bai taɓa kwana a cikinsa ba, domin karɓar takardar shaidar asali. Haka Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano yake fama.

Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati tabbatar da cikakken haƙƙin zama ga kowa a duk faɗin tarayya, amma yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi.